Wace Asabar ɗin? Ma'aunin shafukan asibitoci a Fazzan

Makonni kaɗan da suka wuce, uban wani ɗalibina ya tsaya a ƙofar makaranta bayan an tashi, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan, ko ni ne ban gane ba." Hoton sanarwa ne na wani asibitin kuɗi a nan Sabha, irin waɗanda ake kira masahha, an turo shi a zauren WhatsApp na 'yan garinsu. Sanarwar ta ce ƙwararren likitan ido zai zo daga arewa ranar Asabar, zai duba masu yanar ido, a yi rajista da wuri. Ga hoton likita da farar riga, ga tambarin asibitin, ga lambobin waya guda biyu. Bawan Allahn nan ya aika aka ɗauko mahaifiyarsa daga Gatrun, tafiyar kusan kilomita 300, a motar haya. Kafin su taso ya kira lambobin, ɗaya a kashe, ɗaya tana shiga ba a ɗauka. Ya ce a ransa ai asibiti ne, aiki ya yi musu yawa. Da suka isa, mai karɓar baƙi ya dubi hoton ya ce likitan ya zo ya tafi tun watannin baya.

Na karanta sanarwar sau biyu. Babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Likitan na gaske ne, kuma ya zo ranar Asabar kamar yadda aka rubuta. Abu ɗaya ne kawai ba a faɗa ba: wace Asabar ɗin?

A wasu ƙasashe idan aka ce shafin asibiti, ana nufin gidan intanet na asibitin shi kaɗai. A nan Libiya kowa ya san Facebook ne. Akwai ma adireshin da aka keɓe wa cibiyoyin lafiya a ƙarƙashin sunan ƙasar, wanda ke ƙarewa da med.ly, kamar yadda na hukumomi ke ƙarewa da gov.ly, amma mutum nawa ne a Gurda ko Mahdiyya ko Tayuri ya taɓa buga irin wannan adireshin a wayarsa? Asibitin gwamnati, masahha, ɗakin gwajin jini, kantin magani, duk a Facebook suke magana da jama'a, daga nan kuma maganar ta gangaro WhatsApp. Saboda haka in za mu auna ingancin shafukan asibitoci, waɗannan shafukan ne za mu ɗora a sikeli, tunda su ne mutanenmu suke yanke shawara da su.

To da me muke auna su yanzu? Gaskiya da ido. Shafin da ya fi yawan mabiya, ya fi kyan hotuna, ya fi tara "Masha Allah" a ƙasan kowace sanarwa, shi ne a wurinmu babban asibiti. Masu kula da shafukan kuwa sun gane abin da muke so, suna ba mu shi. Tawagar manya ta kawo ziyara, ga hoto. An kawo sabuwar na'ura, ko ledarta ba a cire ba, ga hoto. Taya murna, ta'aziyya, gaisuwar Juma'a. Ba mu ce waɗannan laifi ba ne. Amma wanda ke riƙe da mara lafiya a mota ba ziyarar manya yake nema ba. Yana so ya san ko na'urar nan da aka ɗauki hotonta bara tana aiki yau, ko akwai mai sarrafa ta, kuma ƙarfe nawa yake zuwa.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, a Fazzan ma'auni ɗaya ne ya dace: tafiyar banza nawa shafin asibiti ya hana, tafiyar dole nawa ya gaggauta. Dalili kuwa ƙasar ce da kanta. Daga Murzuk zuwa Sabha kusan kilomita 150 ne, daga Ubari kusan 200, daga Gat fiye da 500. Idan Sabha ta ce a wuce Tarabulus, wata tafiyar ce ta fiye da kilomita 700. Man fetur a hukumance dirhami 150 ne lita, amma wanda ya zauna a kudu ya san sau nawa ake samunsa a wannan farashin, da kuma abin da 'yan bumburutu ke karɓa idan gidajen mai suka rufe. Mutumin Tarabulus in sanarwa ta yaudare shi, ya yi asarar safiya ɗaya. Namu in ta yaudare shi, ya yi asarar kuɗin wata guda, kwana biyu na aiki, ga tsohuwa an jijjiga ta a hanya a banza. Wani ma kan hanyar zai gamu da shingen bincike alhali takardunsa ba su cika ba. Ka ga kuwa sanarwar da ba ta da kwanan wata ba ƙaramin sakaci ba ce a wurinmu.

Maganar auna bayanan lafiya a intanet ba yau aka fara ta ba. A 1997 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ta buga ma'aunai huɗu da har gobe masu bincike ke aiki da su: a san wanda ya rubuta da matsayinsa, a san inda ya samo maganar, a bayyana wanda ya mallaki shafin da wanda ke biyan kuɗi ko talla, sannan a sa ranar da aka rubuta da ranar da aka sabunta. A 1999 masu bincike a Oksfod ta Ingila suka fitar da DISCERN, tambayoyi 16 da mara lafiya zai iya bi ya tantance rubutu a kan magani. Ni dai da na fara karanta ma'aunan nan huɗu, murmushi na yi, domin duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san su tun kafin a haifi intanet. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Yaushe suka haɗu? Mene ne halinsa, kuma yana da abin da zai ci a cikin maganar? Al'ummar da ta gaji wannan tsantseni wajen karɓar labari bai kamata hoton mutum da farar riga ya ishe ta hujja ba.

Akwai kuma darasi a labarin wata gidauniya ta birnin Janeba a Suwizalan, wadda tun 1996 take ba shafukan lafiya wani hatimi mai suna HONcode idan sun cika sharuɗɗa takwas. Shekaru da dama hatimin nan shi ne alamar amana a idon mutane da yawa. A ƙarshen 2022 aka dakatar da shi. Yau in ka ga shafi yana taƙama da wannan hatimi, abin da ya nuna maka kawai shi ne an daɗe ba a share shafin ba. Haka ma shuɗiyar alamar nan ta Facebook: tun 2023 ana iya samunta da biyan kuɗin wata-wata a ƙasashe da dama, kuma ko a da, abin da take tabbatarwa shi ne mai shafin shi ne wanda ya ce shi ne, ba wai ya iya aikin likita ba. Babu wani hatimin waje da zai ɗauke mana wahalar dubawa da kanmu.

Bari mu daɗe kaɗan a kan kwanan wata, domin a nan ne aka fi cutar da mu.

Wani zai ce ai Facebook da kansa yana sa rana a saman kowace sanarwa. Haka ne. Amma mutanenmu ba a Facebook suke ganin yawancin sanarwar ba. Wani ne zai sauke hoton, ko ya ɗauki hoton allon wayarsa ya yanke saman, ya tura zauren 'yan Tawa, daga nan wani ya tura na 'yan Damagaram, wani ya tura wa matarsa, matar ta tura wa maƙwabciya. Kafin hoton ya zaga unguwa uku, ranar da Facebook ya sa ta ɓace, sai "ranar Asabar" da "gobe" da "mako mai zuwa" suka rage, su kuwa waɗannan kalmomin ba sa tsufa. Duk mai kula da shafin asibiti a ƙasar nan ya san haka sanarwarsa take yawo. Tunda ya sani, wajibi ne ranar ta shiga cikin hoton da kansa, da manyan lambobi: rana, wata, shekara. Ba ya cin dinari ko ɗaya. Ni malamin makaranta ne, kuma abu na farko da nake koya wa yaro ɗan aji uku shi ne kada ya fara rubutu a littafinsa sai ya sa kwanan wata a sama. Wanda ya manta, ina zagaye masa wurin da jan biro. Abin da muke nema daga yaro ɗan shekara takwas bai yi wa asibiti yawa ba.

Mafi ban tausayi a wannan babin shi ne neman jini. Sanarwa za ta fito: ana buƙatar jini iri kaza da gaggawa, mace ce a kan gwiwa. Jama'a, Allah ya saka musu da alheri, sai su yi ta turawa. Wata uku bayan nan sanarwar tana nan tana zagaye, alhali an yi sunan jaririn tuni, ko kuma an yi zaman makokin uwar. Matashi ya bar aikinsa ya je ya ba da jini, a ce masa ba a san zancen ba. Sau biyu in aka yi masa haka, ranar da ta gaskiya ta zo ba zai tashi ba. Shafin kirki shi ne wanda in buƙata ta biya zai koma kan sanarwar ya rubuta an samu, a daina turawa. Hukumar lafiya ta Ingila tana rubuta a ƙasan shafukan bayaninta ranar da aka duba su ta ƙarshe da ranar da za a sake dubawa. Ba sai mun kai can ba tukuna, amma a ce "an samu" ai bai gagari kowa ba.

Kuma mun ga ana iyawa a nan. A 2020, lokacin korona, da cutar ta ɓarke a Sabha daga ƙarshen watan Mayu har garin ya zama inda aka fi magana a kai a ƙasar, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa tana fitar da alƙalumma kusan kullum a shafinta na Facebook, da kwanan wata, da sunayen garuruwa. Mutum zai iya jayayya da alƙalumman, amma ya san na wace rana ne kuma wa ya fitar. A watannin nan har waɗanda ba su damu da labarai ba sun koyi jiran sanarwar. Al'adar da annoba ta koya mana bai kamata ta tafi tare da annobar ba.

Akwai gwajin da nake so kowane mai kula da shafin asibiti a kudu ya yi wa kansa. Ya ɗauka ƙarfe biyu na dare ne a tsakiyar bazara, wuta ta ɗauke, an fito da yara tsakar gida saboda zafi, kunama ta harbi yarinya 'yar shekara huɗu. Wannan ba tatsuniya ba ce a Fazzan. Kowace bazara ana jin labarin yaran da suka rasu, ana kuma jin kukan ƙarancin allurar dafin kunama a garuruwan kudu. A irin wannan hali ba a tsayawa bincike a waya, asibiti mafi kusa ake nufa a guje. Amma uban yarinyar yana tuƙi, ɗan'uwansa a gefe yana riƙe da waya da sauran caji kaɗan, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Tambayarsa ɗaya ce: ina ne ake da allurar a daren nan? Shin shafinka zai ba shi amsa, ko aƙalla lambar da mutum mai rai zai ɗauka? Ko kuwa bidiyon bikin buɗe sabon sashe ne zai tare shi, mai nauyin da ba zai buɗe ba sai gari ya waye? In shafin ya faɗi wannan jarrabawar, sauran makin da ya ci ba su da amfani.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba za mu yi kamar ba ta da nauyi ba. Za a ce likitoci da malaman jinya ba su isa ba, balle a ware mai zaman waya. Za a ce in aka rubuta yau babu allura, gobe wani babba zai kira ya tambayi wa ya ba da izinin tona asiri. Za a ce in aka rubuta akwai, jama'a za su yi ca, har da masu shigowa da makami. Wannan na ƙarshen ba ƙari ba ne. Babban asibitin Sabha, wanda shi ne madogarar kudu baki ɗaya, ya sha wuyar da asibiti bai kamata ya sha ba: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Mayu 2018 ya ce tsakanin Fabrairu da Mayu na shekarar, lokacin faɗan da aka yi a garin, harsasai ko rokoki sun same shi sau 15. Ma'aikatan da suka tsaya a bakin aiki a irin wannan yanayi sun cancanci addu'armu, ba gorinmu ba. Sai dai wannan tarihin ƙara ƙarfafa maganarmu yake yi. A garin da asibiti kan iya dakatar da aiki dare ɗaya, layi guda da ke cewa "yau sashen gaggawa a buɗe yake, sashen wankin ƙoda a rufe sai jibi" ya fi hotuna ɗari daraja. Cewa "babu" a kan lokaci ba tona asiri ba ne. Ba wa mai mara lafiya dama ne ya juya kan mota tun bai ƙone mansa ba.

Sai maganar wane ne ke bayan shafin. Ƙasar tana da gwamnati biyu, kowace da ma'aikatar lafiyarta da shafinta, ga kuma asibiti ɗaya sai ka tarar da shafuka uku da sunansa, ba ka san wanne ne na gaske ba. Akwai abin da mai karatu zai iya yi da kansa cikin minti ɗaya. Kowane shafin Facebook yana da wurin bayanin asalinsa, inda ake ganin ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa, wani lokaci har ƙasar da masu kula da shi suke. In ka ga shafin "cibiyar ƙwararru" an buɗe shi watan jiya, ko shekara biyu baya sunansa na sayar da turare ne, to ka san inda ka dosa. Shafin kirki kuma yana faɗin cikakken sunan likita da fanninsa, ba "ƙwararre daga waje" kawai ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da hukunta cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, alhakin ɓarnar yana wuyansa. To ta yaya za a san mutum da ilimi in ko sunansa an ɓoye?

Wannan ya fi tsanani a shafukan da ke kiran mutane zuwa Tunusiya ko Masar ko Turkiyya. Mutanen Libiya sun daɗe suna zuwa Safakis da Tunis neman magani, kuma akwai asibitocin gaske a can. Amma shafuka da yawa da ke tallar tafiyar ba na asibiti ba ne, na dillalai ne, ladansu kuwa daga kowane mara lafiya da suka kai yake fitowa. Dillanci sana'a ce, ba mu ƙi ba, amma dillali ya ce shi dillali ne. Game da 'yan'uwanmu masu sa farar riga su rataya abin awon ƙirji a wuya suna tallar garin magani ɗaya da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da Hausa tsantsa, ba sai mun ɓata tawada ba. Abin lura dai shi ne, sun fi asibitocin gaske samun kunnen mutanenmu, don kawai da harshenmu suke magana.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya shafe mu mu kaɗai. Shafukan asibitocin nan da Larabci suke, kuma haka ya dace, ƙasar Larabci ce. Amma Larabcin asibiti daban yake. Mutum ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Iziyya da Risala a zaure, yana karanta haruffan sanarwa tiryan-tiryan, amma in ya ga "masalik" sai ya ɗauka hanyoyi ake nufi, alhali sashen mafitsara ne. In ya ga "baɗina" sai hankalinsa ya tafi ilimin baɗini, alhali likitan cututtukan cikin jiki ake nufi. Wanda ya yi lakwal a Nijar Faransanci yake karantawa, wanda ya yi boko a Najeriya Turanci, mata da yawa kuma saƙon murya kaɗai ne hanyarsu. Hausa ba baƙuwa ba ce a Fazzan. Tun zamanin ayarin Kano da Agadas ake jinta a Gat da Murzuk, Jami'ar Sabha ta daɗe a cikin jerin jami'o'in waje da aka san su da koyar da ita, kuma ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta duniya ta sha nuna 'yan Nijar suna cikin baƙi mafiya yawa a Libiya. Asibitin da zai sa saƙon murya na minti ɗaya da Hausa da Tamashek da Tubanci a kan lokutan rigakafin yara ko awon ciki, ba alfarma ya yi wa baƙi ba, lafiyar garin ya kare. Kyanda ba ta tambayar fasfo kafin ta tsallaka katanga.

Bayan harshe akwai tambayoyi biyu da kusan babu shafin da ke amsa su, su ne kuma suka fi hana mutanenmu zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Nawa ne? Kuma wace takarda za a tambaye ni? A Amurka tun 1 ga Janairu 2021 doka ta tilasta wa asibitoci su buga farashinsu a intanet. Da yawa sun yi ta nuƙu-nuƙu wajen binta, amma aƙalla an yarda cewa sanin farashi haƙƙin mara lafiya ne. A nan ba ma neman doka tukuna. Muna neman masahha ta rubuta kuɗin ganin likita, kuɗin sikanin, kuɗin haihuwa, ta kuma faɗa ko tana karɓar kati ko sai tsabar kuɗi, domin a ƙasar da ake layin siyula a banki wannan bambancin babba ne, kuma lebura baƙo ba shi da kati ko kaɗan. Takarda kuwa ta fi kuɗi tsoratarwa. Akwai waɗanda aka haifa a kudun nan, iyayensu ma a nan aka haife su, amma ba su da lambar ɗan ƙasa, sai lambar wucin gadi da ake kira rakam idari, wasu ko ita babu. Akwai baƙon da fasfonsa ya ƙare. Mace tana naƙuda a ɗaki, mijinta yana tsoron kai ta don bai san abin da za a tambaye shi a ƙofa ba. Ko mene ne ƙa'idar asibitin, a rubuta ta a fili. In ana karɓar kowa a gaggawa, a faɗa, rayuka za su tsira. In ba a karɓa sai da kaza, a faɗa, mutum ya shirya tun da wuri. Shirun shi ne ke bar wa jita-jita da 'yan damfara fili.

Akwai abu ɗaya da muka yi ta kai-kawo a kansa kafin mu rubuta, shi ne hotunan marasa lafiya da na mamata. Wani lokaci akan sa hoton wanda aka kawo ba a san shi ba, ya yi hatsari ko an tsince shi a hanya, don a nemo danginsa, kuma sau da yawa irin wannan bawan Allah ɗaya daga cikinmu ne. Ba za mu musa ba, akwai iyalai a Maradi da Kance da suka san makomar ɗansu ta wannan hanyar, da ba don haka ba har yau suna jira. Amma akwai kuma uwar da ta buɗe waya ta ci karo da fuskar ɗanta a kan gadon ajiye gawa, a tsakanin tallar takalmi da bidiyon barkwanci. Sutura haƙƙin Musulmi ne, da rai ko ba rai. Ana iya rubuta kamanninsa, da tufafinsa, da ranar da wurin da aka same shi, a ajiye hoton a ofis don wanda ya zo nema, a sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Sabha da shugabannin al'ummomi. Hoton tiyata da fuskar mai ita a buɗe don tallar gwanintar likita kuwa, wannan ba shi da uzuri ko kaɗan. Shafin da bai rufa wa na jiya asiri ba, kai ma ba zai rufa maka ba.

A Ingila tun 2015 dole ne asibiti ya nuna a shafinsa makin da hukumar sa ido ta ba shi, ko da makin ya ce yana buƙatar gyara ko bai wadatar ba, kamar dai yaro ya kai wa ubansa sakamakon jarrabawa ko ya ci ko ya faɗi. Mu ba mu da wannan a nan, amma ba sai mun jira ba. Jami'ar Sabha tana da ɗaliban likitanci da na kwamfuta. Aikin zango ɗaya ne su ɗauki shafukan asibitocin Sabha da Birak da Ubari da Murzuk da Gat, su kira kowace lamba da rana da kuma da dare, su ƙirga sanarwa nawa ke da kwanan wata a jikinta, su duba ko likitan da aka ce yana nan yana nan, su buga abin da suka gani. Asibitin da ya yi ƙoƙari a yaba masa da sunansa. Yabon ma zai fi zargi saurin gyara sauran.

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba. Hoton da ya ɗauko tsohuwar nan daga Gatrun ba asibitin ne ya tura shi zauren 'yan garinsu ba, ɗan'uwa ne, da kyakkyawar niyya, yana neman lada. Ya gani, ya tura, bai tambaya ba. Masu kula da zaurukanmu na WhatsApp, musamman na masallatai da na ƙungiyoyin gari, za su iya sa ƙa'ida guda: sanarwar asibiti ba ta shiga sai wanda ya kawo ta ya faɗi ranar da ta fito da shafin da ya samo ta. Wanda zai fassara ta da murya ya fara da faɗin ranar da yake magana, rana da wata da shekara, kafin ya ce komai, domin saƙon murya ya fi hoto daɗewa yana yawo.

Mu a wannan shafi na Hausa, daga yau ba za mu buga sanarwar wani asibiti ko masahha ko likita mai ziyara ba sai da cikakken kwanan wata a jikinta, sai kuma mun kira lambar da kanmu an ɗauka, za mu rubuta ranar da muka kira. Wanda ya ga mun saɓa, ya rubuto ya faɗa mana, za mu buga gyaran a wurin da muka buga kuskuren. Ita kuwa Inna tana nan Sabha a ɗakin ɗanta, bai yarda ta koma Gatrun ba tukuna. An ce likitan zai dawo, kuma wannan karon ɗan ya je da ƙafarsa ya sa an rubuta masa ranar a takarda.